Malamai 'yan koyo a jami'o'i: Mene ne aikinsu, kuma wa ya cancanta?

Kusan shekaru 20 jihar Jigawa ta yi bayan ƙirƙiro ta a 1991 ba ta da jami'a ko ɗaya. A tsawon wannan lokaci, yaron da ya gama sakandare a Hadeja ko Malam Madori ko Birniwa, in yana son digiri, sai ya nufi Kano ko Zariya ko Maiduguri.

Lamarin ya sauya a 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. A 2013 gwamnatin jihar ta kafa tata jami'ar a Kafin Hausa, cikin masarautar Hadeja, wadda daga baya aka sanya wa sunan Sule Lamido. A 2021 kuma aka sami ƙarin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura da Jami'ar Khadija da ke Majiya, wadda a lokacin ta masu zaman kansu ce.

Sai dai kuma ana iya gina ɗakin karatu cikin shekara guda, amma ba a samun malamin da zai tsaya a cikinsa cikin shekara guda. Wannan ne ya sa sababbin jami'o'i ke dogaro sosai da wani rukuni na matasa da ba a cika jin labarinsu ba, wato waɗanda ake ɗauka aikin koyarwa da digirin farko kawai, suna koyarwa suna kuma ci gaba da nasu karatun.

Wane ne malami ɗan koyo?

Aikin koyarwa a jami'o'in Najeriya hawa bakwai ne. Malami ɗan koyo shi ne a hawa na farko. Sama da shi akwai mataimakin lakcara, sai lakcara mai daraja ta biyu, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa.

Abin da ya bambanta hawa na farko da sauran shi ne, muƙami ne na horo. Jami'a kan ɗauki matashin ne ba domin ya riga ya zama malami ba, sai domin ta ga alamun zai iya zama. Tana biyansa albashi, tana kuma sa ran zai shiga karatun digiri na biyu nan take, ya kammala cikin wa'adin da aka ɗibar masa, wanda a yawancin jami'o'i bai wuce shekaru biyu zuwa uku ba.

Idan ya kammala, sai a ɗaga shi zuwa mataimakin lakcara. Idan ya gaza ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, dokokin aiki sun bai wa jami'a damar ta sallame shi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar Hadeja, wadda ta yi suna wajen mahaddata Alƙur'ani. A makarantar allo, gardi yakan biya wa kolo da titibiri karatu, ya duba musu rubutun allo, alhali shi ma yana zuwa gaban alaramma ana ɗora masa nasa. Babu mai kiran gardi gwani, babu kuma mai miƙa masa makaranta ya ce ya riƙe shi kaɗai. Yana koyar da na ƙasa da shi ne a ƙarƙashin idon na sama da shi.

Sharuɗɗan ɗauka

Sharaɗi na farko shi ne sakamako mai kyau. Jami'o'i kan nemi wanda ya fita da daraja ta ɗaya, ko kuma babban mataki na daraja ta biyu. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in ƙasar ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa ne daga maki 4.50, babban mataki na daraja ta biyu kuma daga 3.50 zuwa 4.49.

Na biyu, dole ne ya kasance ya yi wa ƙasa hidima a ƙarƙashin hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, ko kuma yana da takardar da ta ɗauke masa yin hidimar.

Na uku, sai ya cika sharuɗɗan shiga karatun digiri na biyu a fanninsa, tun da muƙamin gaba ɗaya a kan wannan karatu aka gina shi. Wasu jami'o'in kan ƙayyade shekarun haihuwa, domin suna neman wanda zai daɗe yana yi musu aiki.

Bayan takardu kuma akwai ganawa da kwamitin ɗaukar ma'aikata, inda akan gwada iya bayaninsa da zurfin fahimtarsa. Akwai kuma shaidar malaman da suka koyar da shi game da halinsa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin matashin da za a damƙa wa takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai, waɗanda wasunsu sa'o'insa ne, wasu ma abokan karatunsa ne na jiya, ana bukatar riƙon amanarsa kamar yadda ake bukatar kaifin basirarsa.

A al'adar tsofaffin jami'o'i, sashe kan riƙe ɗalibinsa da ya fi kowa ƙwazo. Sabuwar jami'a kuwa ba ta da tsofaffin ɗalibai a shekarunta na farko, don haka sai ta ɗauko daga waɗanda suka gama a wasu wurare, kamar Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Abin da aka ɗora masa

A ƙa'ida, aikin malami ɗan koyo na taimako ne. Bayan babban malami ya gabatar da lacca ga aji mai yawa, shi ne zai zauna da ɗalibai rukuni-rukuni a yi bita, ya warware musu abin da ya shige musu duhu.

A fannonin kimiyya, shi ne ke tsayawa a kan ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje, ya nuna musu yadda ake riƙe kayan aiki da yadda ake rubuta rahoton abin da aka gani. A fannonin noma da nazarin ƙasa, yakan raka su gona ko bakin kogi domin ɗibar samfurin ƙasa da ruwa.

Yakan duba aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje bisa ma'aunin da babban malami ya tsara. Yakan yi tsaron jarrabawa, ya taimaka wajen rajistar ɗalibai da tattara sakamako, ya riƙe rubutun taron sashe, ya kuma taya manyan malamai tattara bayanan bincike.

Akwai kuma abubuwan da ba a son a bar masa shi kaɗai: riƙe kwas tun daga farko har ƙarshe, tsara tambayoyin babbar jarrabawa, da yanke hukunci na ƙarshe a kan makin ɗalibi. Duba kundin binciken ɗaliban manyan digirori kuwa ba huruminsa ba ne sam.

Babban aikinsa dai, wanda ya fi duk waɗannan, shi ne karatunsa. Jami'a ba ta ɗauke shi domin amfanin da za ta samu a bana ba, sai domin wanda za ta samu nan da shekaru goma.

Tafiyar tana da nisa

Da yawa daga cikin sanannun masana na arewacin Najeriya daga wannan hawa suka fara. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya fara aiki a Jami'ar Bayero a matsayin malami ɗan koyo a 1980, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Birtaniya a 1988, ya zama farfesa a 1997. Daga baya ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Najeriya daga 2016 zuwa 2021.

Shekaru 17 ke nan daga hawa na farko zuwa na bakwai, kuma ana ganin wannan tafiya ce mai sauri. Dalili shi ne, bayan digirori biyu da ke gaban matashin, kowane ƙarin girma kan bukaci aƙalla shekaru uku a kan muƙamin da ake kai, tare da wallafa sakamakon bincike a mujallun ilimi. A yawancin jami'o'i ba a kai wa muƙamin babban lakcara ba tare da digirin digirgir ba.

Ma'anar wannan ga jami'a kamar ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, a fili take. Matashin da ta ɗauka da digirin farko a shekarunta na farko, ko da komai ya tafi masa daidai, sai wajajen 2030 za a fara zancen zamansa farfesa. Kafin nan dole ta nemo manyan malamai daga waje.

Haka kuwa aka yi tun daga tushe. Marigayi Farfesa Haruna Wakili, ɗan masarautar Hadeja wanda ke riƙe da ma'aikatar ilimi ta jihar lokacin da aka kafa jami'ar, malamin tarihi ne daga Jami'ar Bayero. Shugabanta na farko, Farfesa Abdullahi Yusuf Ribadu, shi ma daga wata jami'ar aka ɗauko shi, kuma a watan Disamban 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC.

Inda gizo ke saƙa

Hukumar ta NUC ta daɗe da shata ma'aunin yawan malaman da ya kamata sashe ya samu. A fannonin adabi da zamantakewa malami ɗaya ga ɗalibai 30, a kimiyya ɗaya ga 20, a noma da injiniyanci ɗaya ga 15, a likitanci kuma ɗaya ga 10.

Ta kuma shata yadda za a cakuɗa manya da ƙanana: kashi 20 cikin 100 farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 kuma na ƙasa da su. Wato sashen kimiyya mai ɗalibai 400 na bukatar malamai 20, huɗu daga cikinsu a matakin farfesa, bakwai manyan lakcarori, tara ƙanana.

Abin da ke ƙasa ya sha bamban da wannan. A 2012, lokacin da Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar jihar Jigawa, ke ministar ilimi, wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya binciki halin da jami'o'in gwamnati ke ciki. Rahoton ya ce akwai malamai 37,504, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digirin digirgir. Jami'o'i bakwai ne kacal masu wannan digiri suka kai kashi 60 cikin 100 na malamansu.

Rahoton ya nuna cewa ƙananan jami'o'in jihohi ne suka fi shiga matsi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, mai maƙwabtaka da Jigawa, a lokacin farfesa ɗaya take da shi, bayan ta shekara fiye da goma da kafuwa.

Tun daga wancan lokaci an yi ta horar da malamai, amma an kuma yi ta buɗe sababbin jami'o'i, har adadinsu a ƙasar ya haura 250. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har tsawon shekaru bakwai, tana mai nuni da ƙarancin malamai da kayan aiki a waɗanda ake da su.

Idan sashe ya rasa manya, hanyoyi biyu yake bi. Ko dai ya ɗauko malaman aro daga wasu jami'o'i, waɗanda kan zo kwana ɗaya ko biyu su koma, ko kuma ya sauke nauyin a kan na ƙasa. A nan ne malami ɗan koyo kan tsinci kansa riƙe da kwas biyu ko uku, yana tsara jarrabawa, yana duba ɗaruruwan takardu, babu mai duba nasa aikin.

Asarar ta kasu kashi biyu. Ɗalibi na karɓar karatu daga wanda bai fi shi da komai ba sai shekaru biyu ko uku, wanda sau da yawa abin da ya rubuta a littafinsa lokacin yana ɗalibi shi yake maimaitawa. Shi kuma malamin, lokacin da ya kamata ya ba nasa binciken ya tafi a duba takardu, sai digirin shekara biyu ya koma na shekara huɗu ko biyar.

Yajin aiki ya ƙara dagula lissafin. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin kusan watanni shida a 2013, watanni tara a 2020, da watanni takwas a 2022. Ga malami ɗan koyo, yajin aiki a jami'ar da yake karatu na nufin tsayawar digirinsa, tsayawar digiri kuma na nufin tsayawar ƙarin girma da ƙarin albashi.

Wa ke biyan kuɗin karatun?

Babbar madogara ita ce asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011 a madadin asusun ilimi na 1993. Kuɗinsa na fitowa ne daga harajin da aka ɗora wa ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, aka kai shi kashi 3 a 2023.

Asusun kan biya wa malaman jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jihohi, kuɗin karatun digiri na biyu da na uku. Wanda ya ci gajiyar kan sanya hannu a kan yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa jami'arsa aiki na wasu shekaru.

Ba kowa ke cika alƙawarin ba. A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canjin kuɗi da kuma yawan waɗanda ke ƙin dawowa. Hakan ya mayar da nauyin horarwar kan jami'o'in cikin gida, waɗanda su ma manyan malamansu ba su wadata ba, kuma kowane farfesa na da iyakar ɗaliban da zai iya dubawa a lokaci guda.

Mata na fuskantar ƙarin cikas. Rahoton 2012 ya nuna cewa kashi 83 cikin 100 na malaman jami'o'in maza ne. Shekarun da ake son malama 'yar koyo ta bar gida zuwa wani gari domin digiri na biyu, su ne kuma shekarun aure da goyo, don haka kusancin wurin karatu da sassaucin wa'adi kan yanke hukuncin ci gabanta ko tsayawarta.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka tsarin a juye yake. A can, ɗalibin babban digiri ne ake bai wa aikin koyarwa na wasu sa'o'i a mako, galibi kimanin 20, a biya shi alawus, a kuma ɗauke masa kuɗin makaranta. Idan ya gama, babu alƙawarin aiki tsakaninsa da jami'ar. A Najeriya kuwa ma'aikaci ne aka ɗauka aka tura shi karatu, kuma kujerarsa na jiransa.

Amma ƙorafin iri ɗaya ne: aiki mai yawa, lada kaɗan. A ƙarshen 2022 kimanin ma'aikata 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, yawancinsu ɗaliban manyan digirori masu koyarwa da bincike, sun yi yajin aiki na kusan makonni shida a kan albashi.

Abin da wasu jami'o'in Amurka da Birtaniya suka fi mayar da hankali a kai shi ne horar da matashin dabarun koyarwa kafin a tura shi aji, da ƙayyade sa'o'in aikinsa, da sanya babban malami ya riƙa shiga ajinsa yana lura. Waɗannan matakai ne da ba sa bukatar kuɗi mai yawa.

Abin da ya shafi fadamar Hadeja

Batun bai tsaya a cikin harabar jami'a ba. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Hadeja sun dogara ne ƙwarai a kan kogi da fadamarsa, wajen noman shinkafa da alkama da tattasai, da kamun kifi, da kiwo.

Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa da janyewarsa ya sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta mamaye gonaki, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona. A 2020 da 2022 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a yankin. A ɗaya gefen kuma akwai aikin noman rani na kwarin Hadeja da ke Auyo, da dausayin Baturiya da aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008.

Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce da ke jiran mai bincike: nawa ne ruwan da ke isa Guri da Kiri Kasamma a kowane wata, wane irin shinkafa ne ke jure kwanciyar ruwa, me za a iya sarrafa kachala a yi da ita, ta yaya za a raba burtali da gona ba tare da rikici ba.

Shirin kare dausayin Hadeja da Nguru da aka fara a 1987 ya samar da bincike mai yawa, amma da haɗin gwiwar ƙungiyoyi da masana daga ƙasashen waje aka yi shi, kuma irin waɗannan shirye-shirye na da ranar ƙarewa. Matashin da aka haifa a bakin kogin, yake jin harshen masunta da manoma, yake kuma koyarwa a Kafin Hausa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Hadeja, shi ne zai iya bin ruwan nan shekara da shekaru yana aunawa. Amma sai an bar shi ya gama koyon yadda ake bincike tukuna.

Masu nazarin harkar ilimi kan ambaci matakai kaɗan da ke hannun kowace jami'a: a ɗauki matasan bisa cancanta ba bisa sanayya ba, a haɗa kowannensu da babban malami da zai riƙa duba aikinsa, a rage masa nauyin aji a lokacin da yake rubuta kundinsa, a kuma riƙe shi a kan wa'adin da aka ba shi.

Manoman shinkafa na Auyo sun san cewa iri na da kwanakin da yake yi a wurin reno kafin a dasa shi. In an cire shi da wuri ba ya kamawa, in kuma ya daɗe fiye da ƙima, ko an dasa ba ya yin yabanya mai kyau. Jami'o'in Jigawa huɗu, waɗanda babbarsu a 2011 aka kafa ta, har yanzu a matakin reno yawancin aikinsu yake.